Me za mu kira "diehard" da Hausa?

Jama'a, ina fassara wani rubutu kan mayaƙan da aka gama yaƙi suka ƙi ajiye makami, sai na ci karo da kalmar "diehard", na rasa inda zan sa ta.

Ga asalinta. Tun ƙarni na 18 Turawan Ingila kan faɗe ta a kan wanda za a rataye amma ya ƙi nuna tsoro ko nadama. Sai dai a fagen fama ta yi suna. Ranar 16 ga Mayu 1811, a Albuera ta ƙasar Sifaniya, sojan Faransa suka yi wa runduna ta 57 ta Ingila ruwan wuta. Kwamandansu William Inglis ya ji mummunan rauni, ya ƙi a ɗauke shi, yana kwance yana ce wa yaransa "die hard", wato kada su mutu da arha. Kusan kashi biyu cikin uku aka kashe ko aka raunata, sunan kuma ya bi rundunar. A 1911 sunan ya shiga siyasa, aka laƙa shi ga 'yan mazan jiya na Majalisar Dattawan Ingila da suka ƙi yarda a rage musu iko. Yau har mai son ƙwallo ana kiransa haka.

Wani ya ce mini "mai taurin rai". Ban yarda ba. Mai taurin rai shi ne wanda ya sha wuya ya rayu, su kuwa sojojin Albuera da yawansu mutuwa suka yi.

Wani malami ya ce: "Ɗana, ai muna da ɗan gani-kashe-ni, me kake nema kuma?" Gaskiyarka, Malam, in magoyin baya ake nufi, na siyasa ko na ƙwallo, magana ta ƙare, ko a ce ɗan a-mutu.

Amma na mayaƙi fa? Ku dubi Hiroo Onoda, sojan Japan da ya zauna a dajin tsibirin Lubang na Filifin har 1974, bai miƙa bindigarsa ba sai da tsohon kwamandansa ya je da kansa ya sallame shi. Ƙi-gudu ba ta zauna masa ba, don ɓuya ya yi ta yi. Ɗamara ce ya ƙi kwancewa.

Shi ya sa na rubuta "ƙi-kwance-ɗamara", a kan tsarin ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Ta ɗan yi tsawo, na sani. Wanda yake da gajeruwa ya kawo kafin gobe da yamma, lokacin zan miƙa aikin.