Shawarwari kan ceto waƙoƙin gargajiya na Bhojpuri

Masu kishin waƙoƙin Bhojpuri, harshen yammacin Bihar da gabashin Uttar Pradesh a Indiya, da suke tattauna yadda za a ceto su, sun fi daɗewa a kan jatsar, waƙar da mata ke rerawa suna juya dutsen niƙa. Injin niƙa ya shigo ƙauyuka, dutse ya koma jingine a bayan ɗaki, waƙar ta rasa wurin zama. Mu ma mun ga yadda waƙoƙin daka da niƙa suka yi ƙaranci a gidajenmu.

Shawara ta farko, wadda ni ma na fi gamsuwa da ita: a je wurin tsofaffin mata yanzu, tun suna raye, a naɗi muryoyinsu ko da wayar hannu ce, a rubuta baitocin, a ajiye sunan mai waƙar da ƙauyenta. Kuma a biya su.

Wasu suka ce naɗi kaɗai bai isa ba. Waƙar sohar tana buƙatar gidan haihuwa, waƙar kajri tana buƙatar damina, don haka a riƙa gayyatar mawaƙan bukukuwa, 'yanmata su zauna kusa su karɓi amshi. An kawo misalin tsibirin Moris, inda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da Geet Gawai, waƙoƙin Bhojpuri na bikin aure, a matsayin al'adar gado a 2016.