Wace kalma za mu sa wa "tanfis" na tankin mai?

Mai gareji, Jidda: Assalamu alaikum, malamai. A sina'iyya, wato unguwar garejoji, kowa tanfis yake cewa da Larabci, littafin Bature kuma ya ce breather. Ana nufin hanyar da tankin mai ke samun iska: siririn tiyon da ke fita daga saman tanki, da bawul ɗinsa, a wasu motocin kuma ɗan ramin da ke jikin murfi. Yaranmu masu koyon aiki a kan tsofaffin Land Cruiser da Patrol suna bukatar sunan da zai gaya musu aikin abin. Na kawo "mafitar iska". Me kuka gani?

Bakanike, Makka: Wa alaikumus salam. Alhaji, mafita rabin aikin ta faɗa, domin iskar shiga take yi ma. Duk litar da famfo ya ja, sai lita guda ta iska ta maye gurbinta. In hanyar ta toshe, mota za ta yi minti ashirin ko talatin lafiya lau, sannan ta fara fizga, ta mutu kamar mai ya ƙare alhali geji na nuna rabi. Ka buɗe murfi ka ji iska ta zuƙu ciki, ka murɗa makulli ta tashi. In famfon lantarki aka sa mata, yana iya ja har tankin ya lotsa. Yaron da aka koya wa "mafita" zai ɗaura bawul mai fitarwa kawai, ya haifar da wannan ciwon da hannunsa. Ni "mashaƙa" nake so.

Mai gyaran kafireto, Riyad: Yaya, ita ma mashaƙa ɓangare ɗaya ta riƙe. A zafin Yuli da Agusta, da ake kai digiri 45, fetur tururi yake yi a tanki, ga zafin salansa daga ƙasa. In tururin bai sami hanya ba, tanki ya kumbura, murfi ya yi huci waje in an buɗe. Allurar kafireto an yi ta ne don matsin famfo da bai wuce bar 0.3 ba ko kusa da haka, to matsin tanki na ƙaruwa a kai sai mai ya ture ta. Shi ne za ka ga an ajiye mota da rana, an dawo ana jin warin fetur, fulogi sun jiƙe, ta ƙi tashi sai an danne totur ƙasa. Mutane su yi ta canza kafireto a banza.

Abin da ke shaƙa kuma yake fitarwa ai hanci ne. Mu ce "hancin tanki". Tanfis ɗin ma daga numfashi yake.

Bakanike, Makka: Wallahi ya zauna, na janye tawa. Har "hanci ya toshe" ya fito da kansa, kowane direba zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Mai gareji, Jidda: Na karɓa. Amma akwai tiyo na biyu, mai kauri, da ke bin wuyan tanki. Shi ne in ya lanƙwashe ko ya rufe daga ciki, bindigar gidan mai ke ta katsewa, man na dawowa baki. Shi ma hanci ne?

Mai gyaran kafireto, Riyad: A'a, Alhaji, a raba su. Wannan aikinsa lokacin zuba mai ne kaɗai, a ce masa "tiyon wuya". Mota na iya shan mai sumul a gidan mai amma hancinta a toshe.

Dattijon bakanike, Madina: 'Ya'yana, madalla. Ku sa wa ulbatul faham suna ita ma, don yawanci can ciwon yake. Baƙin gwangwanin nan ne da ke ɗakin inji ko kusa da tanki a motocin fetur, cike da gawayi mai kama tururi har inji ya zuƙe shi. "Gwangwanin gawayi" ya isa. Abin da ke kashe shi ɗura mai har baki bayan bindiga ta katse: ruwan fetur ya gangara ciki, gawayin ya dagargaje, ƙwayoyinsa su cika tiyo.

Ga yadda ake bi. Ka fara da murfi: robarsa ta tsage? Irin na motar ne? Tsofaffin da ba su da gwangwani da yawa ta murfi suke numfashi, in aka sa musu murfi marar rami an toshe musu hanci ke nan. Sai ka cire tiyon da ya zo daga tanki a bakin gwangwani, murfi a buɗe, ka tura iska kaɗan da famfon hannu, wani ya kasa kunne a wuyan tanki. Kada a sa kwamfuresa a tanki rufe, ɗinkinsa zai buɗe. In iska ba ta wuce ba, bi layin ƙarfe a ƙarƙashi: tsatsa, yashi, ko gidan zanzaro a bakin tiyo. In ta wuce, duba gwangwanin, musamman tiyon gindinsa da ke cika da ƙura. Ba a wanke shi da ruwa. In gawayi na zubowa, a canza. Kuma ba sigari, ba walda kusa.

Bakanike, Makka: Baba, saura bawul ɗin saman tanki da ke rufewa in mota ta kife. Masu hawan tudun yashi da Shas, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, suna fama da shi, ya maƙale a rufe bayan mota ta karkata sosai. Ka cire ka jijjiga, in ba ka ji ƙwallon ciki na motsi ba ya kama. Ko mu ce "bawul ɗin kifewa"?

Dattijon bakanike, Madina: Ya yi. Masu dizal ba su da gwangwani, amma hanci suna da shi, kuma a ɗaga bakin tiyonsa sama da inda ruwan kwari ke kaiwa lokacin ambaliya, a lanƙwasa shi ya dubi ƙasa.

Mai gareji, Jidda: Allah ya saka, Baba. Gobe zan rubuta su a allon gareji, kowanne da Larabcinsa a gefe saboda zuwa sayen kaya.