An Ce An Shawo Kan Mashaƙo: Musayar Waƙa

Na Gezawa:
Sun ce a rediyo an shawo kansa,
Mashaƙo ya tafi, a daina tsoronsa,
Ba su ce yara nawa ke kwance dominsa,
Ko ranar da mai allura zai iso da kayansa.

Malamin Asibiti:
Ƙanena, shela ba ta taɓa warkar da yaro ba,
Amma kai ma ba ka faɗi abin yi ba,
Penta, allurar rigakafin da ta haɗa da mashaƙo, sau uku ce, ba sau ɗaya ba,
Sati 6, sati 10, sati 14 da haihuwa, ba wasa ba,
Wanda ya tsaya a ta farko bai tsira ba.

Ta Ringim:
Malam, allura kam kun iya cakawa,
Bayanin ne ba kwa iyawa,
Cinya kan kumbura, jiki ya yi ɗumi, kwana biyu yana wucewa,
In ba a gaya wa uwa ba, ta biyu ba ta dawowa,
Jita-jita kuwa a bakin rijiya take haihuwa.

Ɗan Haɗeja:
Allah ya biya Yaya! Jigawa ɗaya, Kano babu.

Baban Dambatta:
Yara, tsoron mutane yana da asali.
Ku tuna sanƙarau, 1996, birnin Kano,
Gwajin maganin Trovan, yara 200 aka kawo,
11 daga ciki gawarsu aka ɗauko,
Da tabon nan a 2003 aka ƙi ɗigon foliyo,
Sai 2004, da na Indunusiya ya iso, aka komo.

Ɗan Haɗeja:
Baba, da girmanka, wannan baiti ne ko jadawali? 1996 kaɗai ta cinye ɗango guda. Kuma "Kano" da "foliyo" ba amsa-amo ba ne, baƙin ya saɓa.

Baban Dambatta:
Wasalin ya zo ɗaya, ya wadatar. Kai da ko ƙwar biyu ba ka ajiye mana ba, sai sowa.

Ɗan Haɗeja:
Ga ƙwar biyu, Baba, ka ɗora a sikeli,
Wuya in ya kumbura sai asibiti, kar a kai wanzami ya yanke beli.

Ta Ringim:
Ɗan'uwa, na Jigawa ne kai amma gaskiya ɗaya ce: ɗangonka na biyu ya fi na farko da kamu guda. Maganar belin dai ta zauna.

Malamin Asibiti:
Sai yanzu sabis ya dawo. Hajiya, na karɓi zarginki, ga ƙari.
Penta ba ta shiri da ƙanƙara,
Digiri 2 zuwa 8, in ta daskare ta zama shara,
A yi shela, mata su taru tun hantsi da yara,
A ce kwalba ta lalace su koma, nan ake asara,
Sai an duba akwatin sanyi sannan a tura sankira.

Na Gezawa:
Yaya Malam, har yanzu tambayata na nan.
A bai wa dagaci adadin, ba zancen gaibu ba,
Nawa suka kamu, nawa suka warke, ba a ɓoye wanda ya rasu ba,
Liman ya ce ran Juma'a: toka-toka a maƙogwaro ba mura ba,
A kira 6232, layin hukumar yaƙi da cututtuka, ba a cire ko kwabo ba.

Ɗan Haɗeja:
Ka ari "ba" ɗin Malam ba ka ko yi sallama ba. Baba, ina jiran hukuncin sikelin.