Wai me za mu kira strabismus da Hausa, ban da harara-garke?

Jama'a ku taya ni wannan aikin don Allah. Ɗiyar ƙanwata shekararta 4, idonta na hagu yana shigewa wajen hanci musamman in ta gaji ko tana kallon abu kusa, yaran unguwa har sun laƙa mata harara-garke, uwar kuma in ta ji sai hawaye. Da muka je asibiti likitan da kansa sai kame-kame yake, ya faɗi ta Turanci ya nuna da yatsa, don shi ma ba ya son furta waccan kalmar a gaban uwar.

Na san harara-garke Hausa ce tsantsa, tsohuwar kalma ce, amma suna ne na tsokana, mutum ake kira da shi ba ciwo ba. Ba ka iya rubuta shi a katin asibiti.

Wani yayana ya ce a ce jirkitar ido. Yaya ka yi haƙuri, jirkita tana kai hankali wajen taɓin ƙwaƙwalwa ko bugun aljanu. Ni na fi natsuwa da karkatar ido. Dalili, kowane ido jijiyoyin nama 6 ne ke juya shi, in ba su ja daidai da na ɗayan ba sai ido ɗaya ya kauce daga saiti, ka ga karkata ke nan, kuma tana karɓar ƙari: karkatar ido ciki, karkatar ido waje, sama ko ƙasa. Uwa a ƙauye za ta gane nan take.

Inda na maƙale shi ne amblyopia. Na ga wasu na cewa raggon ido, wannan fassarar Turanci ce kai tsaye kuma idon ba ragonta yake ba, ƙwaƙwalwa ce ta ga hoto biyu suna zuwa ba su haɗu ba sai ta yi watsi da na idon da ya karkata, a hankali ganinsa ya dushe. Shi ya sa aka ba yarinyar nan gilashi aka ce a riƙa manne idon mai lafiya da filasta awa 2 kullum. Ranar farko kakarta ta ɓalle filastar tana cewa "ku dai ba ku da hankali, mai lafiyar za ku rufe?" Sai da na zauna na ce Hajiya, so ake a tilasta ɗayan ya yi aiki, kuma maganin ya fi ci kafin shekara 7. Da muna da suna mai bayyana kansa da ba a kai nan ba. Ina tunanin dushewar ido ɗaya, amma ban gamsu ba.

Nystagmus kuwa, idon da ke kaɗawa da kansa kamar yadda ake gani wajen zabiya da yawa, kar wanda ya ce rawar ido, kun san mai rawar ido wani abu ne daban a Hausa. Karkarwar ido ta fi.

Diplopia ba gardama, gani biyu-biyu. In ya faɗo wa babba farat ɗaya, balle mai ciwon suga ko hawan jini, a tafi asibiti ranar.

Mutanen Sakkwato, Katsina da Damagaram, ya kuke cewa a wajenku? Amblyopia ɗin nan nake jira.