Uwar aladuna ta mutu bayan igiya ta yanke mata ƙafa, ku da kuka taɓa shiga wannan hali yaya kuka yi?

Mai kiwo daga Zonkwa:

Salama gare ku 'yan'uwa. Yau kwana tara ke nan da na binne uwar aladuna, amma har yanzu in na tashi da asuba sai in tsinci kaina a bakin ɗakinta da bokitin dusa kafin in tuna babu ita. Shekara uku tana hannuna, haihuwa huɗu ta yi mini, kuma tun rasuwar maigidana da kuɗin 'ya'yanta nake biya wa yarana biyu makaranta.

Kun san da damina dole mu ɗaure su saboda gonakin mutane. Na ɗaure ta a ƙafar baya da igiyar roba a gindin mangwaro. Wata rana da yamma aka yi ruwa da tsawa ina coci, ta firgita ta yi ta fizga har igiyar ta nutse cikin nama. Na kwance ta, na wanke wurin da ruwan gishiri, wani maƙwabci ya ce in shafa baƙin mai na mota, na shafa. Kwana uku ƙafar ta kumbura, ta fara wari, na duba na ga tsutsa. Tana da ciki wata biyu da rabi. Gaskiya na yi ta lissafin kuɗin mashin da kuɗin allura, ina cewa bari in ga gobe. Sai a kwana na shida na kira malamin dabbobi, lokacin ta riga ta daina ci. Ya yi iya ƙoƙarinsa. A daren ta ɓarar da cikin, 'ya'ya tara, bayan kwana biyu ita ma ta bi su.

Abu biyu nake so in ji daga gare ku. Me ya kamata in yi tun farko? Sannan yaya mutum yake ɗaukar wannan a zuciya? Ko sannu ba wanda ya zo ya yi mini. Wata ma cewa ta yi, ai alade ne kawai.

Dattijo daga Kagoro:

'Yata, sannu da haƙuri, Ubangiji ya mayar miki da gurbinta. Na fi shekara talatin ina wannan kiwo, kuma na rasa biyu ta wannan hanya kafin na gane cewa ba a ɗaure alade a ƙafa. Ƙafarsa gajera ce ga nauyin jiki, in ya fizga da dukan ƙarfinsa yake fizga, igiyar roba kuma ba ta sakewa, sai dai ta ci nama. Ni tsohon zani nake naɗewa, ko faffaɗar igiyar buhu, in zagaya ƙirji ta bayan ƙafafun gaba in haɗa da wuya, ƙullin kuma wanda ba ya zarcewa. Duk safiya in sa yatsu biyu a ƙarƙashi, in ba su shiga ba to ya matse. Mai ciki tana ƙara jiki kullum, ɗaurin da ya yi daidai ranar Lahadi kafin wata Lahadin ya zama wuƙa.

Baƙin mai kuwa, mu ma mun yi a da. Rufe ciwo yake yi da datti, ƙuda ya riga ya yi ƙwai a ciki, kana ganin baƙi a waje kana tsammanin ya bushe alhali ciki yana ruɓewa. Ruwan gishirin da kika fara da shi daidai ne. Da kin ci gaba da shi safe da yamma, kin sa aidin ko shuɗin maganin nan na ciwo, kin kai ta ɗaki mai busasshiyar ƙasa inda ƙuda ba yawa. In tsutsa ta shiga, a kama alade da kyau, mutum biyu ko uku, a cire su ɗaya bayan ɗaya har ƙasan ramin, domin in an bar ko kaɗan aikin banza aka yi. Amma kada ki kashe kanki da da-na-sani. Abin da aka faɗa miki ne kika yi.

Matashi daga Mangu:

Mama, sannu. Tawa ba igiya ba ce, daɓe ne. Na tara kuɗi na gina ɗaki da siminti, na ce wa magini ya goge shi sumul don sauƙin wanki. Ban san na haɗa tarko ba. Wata safiya na wanke ɗakin, babbar tamacen ta taso da sauri jin ƙarar bokiti, ƙafafun baya suka rabe, ta zauna daɓas. Daga ranar ba ta ƙara tsayawa ba, sai jan gindi.

Inda na yi babban kuskure shi nake so ku ji. A ranar farko mahauci ya zo ya taya ta, kuɗin bai kai abin da nake so ba amma ya fi rabi. Na ƙi. Na je kemis na sayo allurar nan mai daɗewa a jiki na yi mata da kaina, ban san ko karaya ce ko targaɗe ba. Da likita ya zo daga baya ya taɓa ƙugun ya ce ƙashi ya karye, irin wanda ba ya ɗoruwa a dabba mai wannan nauyi, kuma ya nuna mini rubutun jikin kwalbar: akwai kwanakin da dole a jira kafin mutum ya ci naman dabbar da aka yi wa wannan allura, wajen mako uku zuwa huɗu. To ga ta kwance, ba ta warkewa, ba ta yankuwa. Na yi ta juya ta daga wannan gefe zuwa wancan, ina shimfiɗa mata ciyawa, ina ba ta ruwa da kwano, duk da haka gyambo ya fito mata a kafaɗa da cinya. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana wahala. Kukanta da dare shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, ya fi kuɗin.

Yanzu duk ɗakunana na sa an sassare daɓen ya yi kaushi. Kuma ba na taɓa sirinji sai wanda ya sani ya faɗa mini ko dabbar za ta tashi.

Tsohon malamin dabbobi, Bukuru:

Mama, ina yi miki gaisuwa. Bisa ga yadda kika kwatanta, ƙwayoyin cuta ne suka bi ta ciwon suka shiga jini, zazzaɓin kuma shi ya zubar da cikin. Cikin alade kwana 114 ne, wata uku da mako uku da kwana uku, saura kusan wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan ta haihu, don haka na san abin da kika rasa ba guda ɗaya ba ne.

A aikina na ga irin wannan ba adadi, kuma kusan kullum a kwana biyun farko ake cin nasara ko a faɗi. Alade dabba ne mai son ci. Duk ranar da ya ga abinci ya kau da kai, kada a kwana ba a nemi taimako ba. Zafin jikinsa na lafiya wajen digiri 39 ne, in ya haura 40 akwai matsala, abin gwada zafi kuma ba shi da tsada, kowane mai kiwo ya kamata ya ajiye ɗaya. Ciwo mai zurfi da ya taɓa ƙasa ko kashi yana iya kawo sarƙewar haƙora, na sha ganin haka bayan fiɗiya da reza mai datti: dabba ta sandare, kunnuwa su miƙe, ko motsi kaɗan ta zabura. In ya kai nan da wuya a dawo da ita.

Abu guda nake roƙon kowa. In alade ya kwanta ba tare da ciwon da ido ke gani ba, kunnuwa da ciki suka yi ja ko shuɗi-shuɗi, washegari wani ma ya kwanta, wannan ba maganar allura ba ce. Zai iya zama zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya addabi ƙasar nan tun 1997, kuma a 2020 ya yi mummunar ɓarna a babbar gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Ba shi da magani. Ba ya kama mutum, amma mutum ne ke ɗaukarsa a takalmi da taya da nama, ƙwayar kuma tana daɗewa a cikin nama har watanni. A rufe ƙofa, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, su za su iya aika jini cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a gwada.

Wata uwa daga Numan:

'Yar'uwa, na karanta naki sai da na ajiye waya na yi kuka, domin kalmar nan "alade ne kawai" ni ma an faɗa mini ita. Ni goma sha huɗu na rasa cikin mako biyu, irin cutar da Baba malamin dabbobi ya ambata. Namiji na aro don barbara daga wata unguwa, ban ware shi ba, na sa shi kai tsaye cikin nawa. Kwana biyar aka fara.

Da biyu suka mutu, masu saye suka cika mini gida kamar an yi musu shela. Suka ce in ba su sauran a kwata kuɗi kafin su mutu mini a banza. Na san inda za su kai su, na san gidan wata matar kamar ni cutar za ta sauka. Dare ɗaya ban runtsa ba ina kai da kawowa, ga adashi a kaina, ga Kirsimeti ya matso. Da safe na ce musu a'a. Ba zan ce muku ban yi nadama a wasu ranaku ba, musamman ranar da aka koro ɗana daga makaranta. Ni da ƙanena muka haƙa rami mai zurfi a bayan gona yadda kare ba zai tono ba, kullum muna ƙara zubawa, har na ƙarshen, wani ɗan fari da yake bin jikata ko'ina.

Abin da ya taimake ni shi ne na daina ɓoyewa. Wata biyu ina cewa lafiya lau alhali ba na barci. Ranar da na tashi a zumuntar mata na faɗi abin da ya same ni, sai ga mata huɗu kowace da irin labarinta, duk sun yi shiru saboda kunya. Suka ɗaga mini zubin adashi na wata uku. Ɗakin kuma na wanke shi da magani, na ƙone tsoffin katakai da kwanon ci, na bar shi rana tana dukansa wata shida kafin na sake sa wani abu. Ki sami mutum ɗaya da zai saurare ki ba tare da ya yi dariya ba, ki faɗa masa sunan da kike kiranta da shi ma in kina so.

Mai awaki daga Kachia:

Ni Musulmi ne, ba na kiwon alade, awaki da tumaki nake yi. Amma na san abin da ake ji in dabbar da ka dogara da ita ta faɗi, don haka Inna sannu, Allah ya musanya miki da alheri. Shekarun baya aladen maƙwabciyarmu ya kwance ya shiga gonar gyaɗarmu, yaran gidanmu suka sare shi da adda a baya, ya mutu washegari. Mahaifina ya tara mu gaban mai unguwa, aka ƙiyasta gyaɗar da ya ci, aka ƙiyasta kuɗinsa, muka biya bambancin. Ya ce ɓarnar dabba ana kai ƙara ne, ba a rama ta a jikin dabba. Har yau muna gaisawa da gidan.

Mai kiwo daga Billiri:

Tawa bayan haihuwa ta mutu, ta bar mini jarirai takwas 'yan kwana biyu. Sa'ar da na yi sun sha dakashi a ranar farko, wanda bai sha ba da wuya ya rayu. Uku na kai wa wata uwa a gidan yayata da ta haihu kusan lokaci ɗaya, muka goga musu ciyawar shimfiɗarta don ta ji warinta, ta karɓe su. Biyar na sa a kwali kusa da murhu saboda lokacin hunturu ne, sanyi ya fi yunwa saurin kashe su. Madarar shanu mai ɗumi nake ba su bayan kowane awa biyu zuwa uku, dare da rana, aka yi musu allurar ƙarin jini a kwana na uku. Biyu gudawa ta tafi da su. Cikin ukun da suka rayu, mace ɗaya ita ce uwar garkena yanzu. Na faɗi haka ne don in tambaye ki, a 'ya'yanta na baya babu macen da kika sayar wa wani na kusa?

Mai kiwo daga Zonkwa:

Na gode muku duka, Ubangiji ya sāka. Baba na Kagoro, jiya na kwance ɗan namijin da ya rage mini daga ƙafa, na yi masa ɗaurin ƙirji da tsohon zanina, yatsu biyu suna shiga. Maman Numan, sunanta Alheri, yarana ne suka sa mata, ban taɓa faɗa wa kowa a waje ba sai yau.

'Yar'uwa ta Billiri, tambayarki ta tuna mini. Yawancin 'ya'yanta kasuwar Katsit ta Kafanchan na kai su ranar Alhamis, motocin kudu suka kwashe, waɗannan sun tafi. Amma akwai mace ɗaya daga haihuwa ta biyu da na ba matar ƙanen mijina a Madakiya. Na kira ta da yamman nan, ta ce aladen tana da ciki, haihuwa sai farkon wata mai zuwa, kuma in an yaye za ta ajiye mini guda ɗaya mace, in biya a hankali. Kafin lokacin zan gyara katangar ɗakin da ruwa ya zubar don in daina ɗauri gaba ɗaya. Baba malamin dabbobi, abin gwada zafin nan irin na mutane da ake sayarwa a kemis zai yi, ko akwai na dabbobi daban?