Wai abincin da ake zuba wa robin ne ya hana shi gudun sanyi?

Baban Walid: Jama'a da safen nan na leƙa taga a Leeds ta Ingila, dusar ƙanƙara ta rufe bayan gida ruf, sai ga ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji, robin, ya kumbura gashi kamar ƙwallo yana jiran maƙwabciyata ta zubo masa abinci. Ni fa na ce mutanen nan ne suka sangarta shi, in ba haka ba da tuni ya bi 'yan uwansa Afirka

Maman Ilham: Haba Baban Walid, wane Afirka kuma? Robin ba ya ƙetare Sahara fa

Baban Walid: To waɗanda ke cika dausayin Hadeja da Nguru da rani daga ina suke Hajiya, ba daga Turai ba?

Malam Habu: Daga can suke amma ba shi a ciki, su agwagin ruwa ne da ire-irensu. Na Ingila yawancinsu a nan suke cin sanyinsu tun kafin a san sayar da abincin tsuntsu a kanti, kai har baƙi yake samu, na ƙasashen Sikandinebiya nan suke gangarowa don a wurinsu sanyin nan wasa ne

Maman Ilham: Kuma ku duba girmansa, giram 16 zuwa 22, dunƙulen magi biyar kenan, dare ɗaya in sanyi ya yi tsanani yana iya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, gari na wayewa dole ya cika ciki ko ya sheƙa. Tana yake ci da ƙwari, ƙasa ta daskare ta ina zai tono?

Baban Walid: Allah da ya halicce shi ai ba zai bar shi ba Malam

Malam Habu: Haka ne, amma sanyin 1962 zuwa 1963 ƙananan tsuntsaye sun mutu ba adadi a ƙasar nan. Wataƙila maƙwabciyar taka ce sanadin da Allah ya ba shi na tsira

Ɗan Zariya: Sangarta dai akwai ta, kar ku ci zalin Baba 😂 nawa in na ɗauki shebur sai ya dira kan mariƙin yana kallona, in juya ƙasa ya tsince tana. Kuma ɗan rigima ne, wani robin ya shigo lambun sai dambe

Baban Walid: Yauwa! Shi kenan zan marmasa masa burodi in ga gudun ruwansa

Maman Ilham: Burodi cika ciki ne kawai. Ka ba shi kitse ko busasshiyar tsutsa ta kanti ko gogaggen cuku, banda mai gishiri, a faranti a ƙasa don ba ya son abin zuba abincin tsuntsun nan da ake ratayewa. Ka sa ruwa, na waje duk ya daskare

Baban Walid: Cukun da ni kaina sai ranar albashi? Kitsen ragon suna dai yana firiza