Idan mutum ya rasu, cutar Lassa ta mutu tare da shi?

Alhaji Ɗanjuma: Jama'a, hana dangi wanke wanda zazzaɓin Lassa ya kashe bai kwanta mini ba. Jiki ya yi sanyi, numfashi ya tsaya, ƙwayar cutar me za ta ci ta rayu? Ma'aikatan lafiya su ba mu mamacinmu mu yi masa sutura.

Binta Nas: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ƙwayar tana cikin jini, fitsari, amai da ruwan da ke fita ta hanci da baki, kuma ba nan take take mutuwa ba. Mai wanka kuwa sai ya matsa cikin mamaci, ya yi masa tsarki, ya goge masa baki. A hunturun Jos hannun wa ne bai tsattsage ba? Ta nan take shiga.

Garba Mai Shayi: Ai ɓera ke kawo ta. A zuba masu magani a huta.

Binta Nas: Daga ɓera take farawa, in ya yi fitsari ko kashi a hatsin da aka bari buɗe. Daga nan mutum ma yana shafa wa mutum.

Malam Iliya: A garin nan aka ga wannan da ido. A 1969 aka kawo wata nas daga garin Lassa na Borno zuwa asibitin Jankwano, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ita ma ta tafi.

Alhaji Ɗanjuma: Ita wuƙa ta sa, Malam. Mu ruwa ne da ganyen magarya. Wanka kuma haƙƙin mamaci ne.

Liman Sabo: Haƙƙinsa ne, Alhaji. Amma in wankan zai halaka mai rai, akwai sauƙi: a yi taimama in za ta yiwu, in ba hali a sallace shi haka. Laifin ma'aikatan a wurina, sai su diro da fararen kaya ba sallama, ba bayani, uwa na kuka a tsakar gida. Da sun fara neman mai unguwa da liman, da rabin rigimar ta mutu.

Binta Nas: Wannan kam gaskiya ne, Allah gafarta Malam.

Alhaji Ɗanjuma: To wa zai tabbatar mini an fuskantar da shi alƙibla? Liman, ina nan zuwa bayan la'asar, ban gama ba.